Ɗigo Ɗaya Ma Amana Ne: Ra'ayi Kan Zuƙo Hoto da Rubutu a Aikin Tace Bidiyo

Gabatarwa

Wataƙila mai karatu zai yi mamakin cin karo da maganar tace bidiyo a cikin mujallar da aka saba cika ta da nazarin waƙa da nahawu da al'ada. Zai iya cewa, me ya haɗa kifi da kaska? To, ina roƙon malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su yi mini haƙuri su bi ni sannu a hankali, domin kuwa ina ganin maganar ta shafe mu fiye da yadda muke zato. A yau da wuya zangon karatu ya wuce ba a sami ɗalibin da ya haɗa ɗan gajeren bidiyo don gabatar da bincikensa ba, ko dai kan wata sana'ar gargajiya, ko kan wani mawaƙi, ko kuwa kan wata tsohuwar takardar ajami. A cikin irin wannan aiki akan so a zuƙo wani sashe na hoto ko na rubutu, wato a matso da shi kusa ya cika fuskar majigi, don mai kallo ya gan shi sosai. A nan ne kuwa sau da yawa abin yakan ɓaci, rubutu ya dusashe, hoto ya koma hazo-hazo.

Abin da nake so in kafa a cikin wannan ɗan rubutu shi ne, fitowar hoto tangaran a lokacin da aka zuƙo shi abu ne da ake yanke hukuncinsa tun ranar da aka ɗauki hoton, kuma kiyaye shi wani sashe ne na amanar ilmi da ke wuyan mai nazarin harshe.

Abin da Ya Jawo Wannan Rubutu

A bara ne aka raba mu rukuni-rukuni, aka ɗora wa rukuninmu aikin gabatar da wata waƙar wa'azi da ke rubuce da ajami a hannun wani dattijo a wani ƙauye mai nisa da makaranta. Ɗaya daga cikinmu ya yi tattaki ya je, dattijon ya yi masa karamci ya fito da takardun, shi kuwa ya ɗauki hotonsu da wayarsa a cikin zaure da la'asar sakaliya, ya turo mana ta WhatsApp. Da ya dawo, wayarsa ta cika, sai ya goge na asalin, yana ganin ai muna da su. Muka haɗa bidiyonmu, muka sa muryar mai rerawa, muka shirya yadda hoton zai riƙa matsowa kan kowane baiti.

Ranar gabatarwa, da aka zo kan wani baiti, sai wani malaminmu ya ɗaga hannu ya ce a tsaya. Ya tambaye mu, kalmar nan "fara" ce ko "ƙara"? Kowa ya san cewa a irin rubutun da aka gada a ƙasar nan, fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuwa ɗigo ɗaya ne a samanta. Muka ƙara zuƙo hoton, sai ga inuwa a sama, ga inuwa a ƙasa, ba a iya cewa wannan ce tawada waccan ce tabon takarda. Ma'anar baitin kuwa ta rataya ne a kan wannan ɗigo, domin mafarin abu daban, ƙaruwarsa daban. Muka yi tsuru-tsuru. Malamin bai yi mana faɗa ba, ya dai ce, "Ku koma ku gani da idonku." Kafin mu sami kuɗin mota da sarari, dattijon ya yi tafiya mai nisa wurin 'ya'yansa da takardunsa, har yau kuwa ba mu warware wannan kalma ba.

Tun daga ranar na ɗauri aniyar in fahimci abin da ya sa hoto yake dusashewa, kuma abin da na fahimta ne nake so in gutsura wa 'yan'uwa.

Yadda Hoto Yake a Cikin Na'ura

Duk wanda ya taɓa duba hular zanna da kyau ya san cewa adon da ake hangowa daga nesa, in an matso kusa, ɗinki ne ƙanana-ƙanana jere da juna. Haka hoto yake a cikin kwamfuta ko waya. Tarin ƙwayoyi ne masu kusurwa huɗu, kowace da launinta, waɗanda ake kira fiksel, kuma adadinsu ƙayyadadde ne tun daga lokacin da aka ɗauki hoton. Bidiyon da aka fi yi a yanzu yana da ƙwayoyi 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato 2,073,600 ke nan a kowane firam. Wanda ake kira 4K yana da 3840 a kwance da 2160 a tsaye, ya ninka na farko sau huɗu. Faifan VCD kuwa, wanda finafinan Hausa suka yi zamani a kansa bayan kaset, 352 ne kawai da 288. Wannan shi ya sa in aka sa tsohon fim a babbar talabijin ta zamani sai a ga fuskokin 'yan wasa kamar an shafe su da hannu, alhali kuwa a ƙaramar talabijin ta da ba mu ga aibinsu ba.

To, idan mai tace bidiyo ya umarci manhajarsa ta zuƙo hoto ninki biyu, abin da ya nema shi ne ƙwaya ɗaya ta cike gurbin ƙwayoyi huɗu. In ninki huɗu ne, ɗaya za ta cike gurbin goma sha shida. Daga ina manhajar za ta samo sauran? Babu inda za ta samo su, sai dai ta yi kirdado. Hanya mafi sauƙi ita ce ta maimaita ƙwayar nan, sai hoto ya fito da gefe kamar matakalar bene. Hanyoyin da suka fi wannan dabara kuwa sukan duba ƙwayoyin da ke maƙwabtaka su fitar da matsakaicin launi a tsakaninsu, sai matakalar ta ɓace, amma gefen baƙi ya narke cikin farin takarda. Ko wace hanya aka bi, misalin ɗaya ne da na mai fura da baƙi suka yi wa yawa, ta ƙara ruwa: ƙwarya ta cika, amma gero bai ƙaru ba.

Masana lissafin sadarwa sun daɗe da tabbatar da wannan. Tun a 1949 Claude Shannon, Ba'amurke, ya bayyana ƙa'idar da ke nuna cewa duk wani abu da ya fi ƙarfin ma'aunin da aka ɗauke shi da shi siranta, ba a iya dawo da shi daga baya. Amma finafinan 'yan sanda na Turawa sun ruɗe mu, inda za ka ga jami'i ya ce a zuƙo, a ƙara zuƙowa, sai ga lambar mota ta fito fes daga cikin duhu. Wannan tatsuniya ce. Fim ɗin da ya fi kusa da gaskiya shi ne Blow-Up na Michelangelo Antonioni, mutumin Italiya, wanda ya fito a 1966, inda mai ɗaukar hoto ya yi ta faɗaɗa wani hoto yana neman shaidar kisan kai, hoton kuwa yana ta komawa burbushi a gabansa.

Rubutu Kuwa Hanyarsa Daban Ce

Akwai wata hanya ta biyu da na'ura take adana siffa, wadda ba ta dogara da ƙwayoyi ba. Maimakon ta ajiye hoton baƙi, sai ta ajiye bayanin yadda ake zana shi: a tashi daga nan, a lanƙwasa zuwa can, a rufe a wuri kaza. Misalinsa kamar tela ne da ya riƙe yankan riga a kansa, in ka so ta yaro ya yanka, in ka so ta babba ya yanka, siffar ba ta canzawa. Wannan shi ake kira zanen bekta, ni kuwa zan kira shi zanen lissafi. Lanƙwasar da ake amfani da ita a cikinsa tana ɗauke da sunan Pierre Bézier, injiniya Bafaranshe da ya yi aiki da ita wajen tsara jikin motoci a kamfanin Renault cikin shekarun 1960. Daga baya kamfanin Adobe ya gina tsarin PostScript a kanta a 1984, kuma baƙaƙen da muke bugawa a kwamfuta a yau, da wannan hanya ko 'yar'uwarta ake zana su.

Amfanin wannan a bayyane yake. Baƙin da aka buga a cikin manhajar tace bidiyo, ko an faɗaɗa shi ya kai girman bango, sabo ake zana shi a kowane girma, saboda haka gefensa yana nan da kaifinsa. Amma da zarar an mai da shi hoto, wato an ɗauki hoton fuskar waya ko an adana shi a matsayin JPEG, to ya bar gidan lissafi ya koma gidan ƙwayoyi, kuma ba shi da hanyar dawowa. Mafi yawan rubutun da muke gani ya dusashe a bidiyon ɗalibai, wannan ne ya same shi.

Inda Masu Tace Bidiyo Suke Tuntuɓe

Tuntuɓe na farko shi ne ɗaukar hoto ba tare da lissafin zuƙowar da za a yi ba. Lissafin kuwa ba shi da wuya. Idan bidiyonka mai faɗin 1920 ne, kana kuma nufin ka fara da nuna faɗin shafi duka sannan ka zuƙo ninki uku, to wajibi ne hoton ya kai ƙwayoyi 5760 a kwance. Takarda mai girman A4, in an ɗauke ta da sikana a ma'aunin ɗigo 300 a kowane inci, takan ba da 2480 da 3508. In an ɗaga ma'aunin zuwa 600 sai ta ba da 4960 da 7016. Wayar da ke da kyamara mai ƙwaya miliyan 12 takan ba da kimanin 4000 da 3000, wanda zai ishi zuƙowa ninki biyu, muddin akwai haske kuma hannu bai yi rawa ba. In ana bukatar fiye da haka, sai a matsa kusa a ɗauki shafin gunduwa-gunduwa. Haka nan wanda ya ɗauki bidiyo da 4K ya tace shi a 1080, yana da damar zuƙowa ninki biyu ba tare da hasarar komai ba.

Wannan salo na tafiya a hankali cikin hoton da ba ya motsi ya shahara ne a hannun Ken Burns, wanda ya yi fim a 1990 kan yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, har kamfanin Apple ya sa wa salon sunansa a manhajar iMovie a 2003. Abin lura a nan shi ne, da yawa daga hotunan wancan yaƙi an ɗauke su ne a kan faffaɗan farantan gilashi, waɗanda suka kama abubuwa daki-daki. Da hotunan ba su da wannan wadata, da salon bai yi armashi ba.

Tuntuɓe na biyu shi ne hanyar da hoto ya bi kafin ya iso. Tsarin JPEG, wanda aka kafa a 1992, yakan rage nauyin hoto ta hanyar yanka shi gida-gida, kowane gida ƙwaya takwas sau takwas, ya zubar da abin da yake ganin ido ba zai lura da shi ba. Abin da yake fara zubarwa kuwa shi ne ƙananan abubuwa masu kaifi, wato daidai irin su ɗigo da wasali. Manhajojin aika saƙo kamar WhatsApp sukan rage girman hoto su sake matse shi don ya tafi da sauri. Duk lokacin da aka sake adanawa ta wannan hanya sai an yi sabuwar hasara. Mafita ita ce a aika hoton a matsayin takarda ko fayil, ko a kwafe shi kai tsaye zuwa kwamfuta, a kuma adana na aiki da tsarin PNG ko TIFF waɗanda ba sa zubar da komai.

Tuntuɓe na uku a cikin manhajar yake. A Adobe Premiere Pro an daɗe da samun hanyoyi biyu masu kama da juna na daidaita babban hoto da girman firam. Ɗaya takan rage hoton da gaske ta zubar da rarar ƙwayoyin, ta yadda in ka zo zuƙowa sai ka tarar ba su nan. Ɗayar kuwa takan ƙanƙantar da shi a ido kawai, ƙwayoyin suna nan a ajiye. Haka kuma idan aka dunƙule rubutu da hoto cikin jeri guda aka saka shi a cikin wani jerin, manhajar takan ɗauki dunƙulen a matsayin hoto mai iyakantaccen girma, in an zuƙo shi sai rubutun ya dusashe duk da cewa asalinsa zanen lissafi ne. Maganin wannan shi ne a yi zuƙowar a cikin jerin na ciki, ko a yi shi da girman da ya ninka na waje. A After Effects akwai wani ɗan maɓalli mai siffar rana a gefen kowane sashe, in an kunna shi sai manhajar ta riƙa sake zana zanen lissafi a kowane girma. Sunayen waɗannan abubuwa sukan canza daga manhaja zuwa manhaja, amma tambayar da za a yi wa kowacce ɗaya ce: a wane mataki ne take mai da zane ya koma ƙwayoyi? Abin da ake so shi ne a jinkirta wannan mataki har ƙarshen aiki. Ya kamata kuma a tuna cewa manhajoji sukan nuna aiki da rabin ingancinsa a lokacin tacewa don kada kwamfuta ta yi nauyi, saboda haka kada a yanke hukunci sai an duba shi da cikakken inganci.

Tuntuɓe na huɗu ya shafi launi. Galibin bidiyon da muke kallo an gina shi ne bisa cewa idon mutum ya fi kula da haske a kan launi. Don haka a kowaɗanne ƙwayoyi huɗu akan adana hasken kowace ɗaya, amma launi sau ɗaya kacal ake adana musu. Sakamakon haka, siririn rubutu mai launin ja yakan fi kowanne saurin narkewa. Wanda ya san takardunmu na da, inda akan rubuta baƙaƙe da baƙar tawada a sa wasulla da ja, zai gane girman wannan hasara. Dabarar kauce mata ita ce a zuƙo wurin sosai daga hoto mai wadatar ƙwayoyi, domin kowane wasali ya sami fili mai yawa.

Me Ya Sa Abin Ya Fi Shafar Mu?

Harshenmu ya ɗora nauyi mai yawa a kan ƙananan alamomi. Tun da aka daidaita rubutun boko cikin shekarun 1930 aka tsai da ɓ da ɗ da ƙ, ɗan lanƙwasa ne kawai ya raba su da 'yan'uwansu b da d da k, a Jamhuriyar Nijar kuma har da ƴ. Wannan ɗan lanƙwasa shi ne ya raba fada da faɗa, da kare da ƙare, da bari da ɓari, da tabo da taɓo, kai har da baki da baƙi. Shi ne kuma siririn wuri a jikin baƙin, saboda haka shi ne farkon abin da yake ɓacewa in rubutu ya dusashe. A ajami abin ya ma fi haka, domin ba da ta da nun da ya a tsakiyar kalma jikinsu ɗaya ne, ɗigo ne ya raba su, kuma wasalin "e" ma da ɗigo a ƙasan baƙi ake nuna shi.

Akwai kuma wata matsala da ta keɓanta da mu. Da yawa daga salon baƙaƙen da ke cikin manhajojin tace bidiyo ba su da baƙaƙenmu masu lanƙwasa. In ɗalibi ya buga ƙ sai ya ga ɗan akwati, ko ya ga baƙin ya fito da wata siffa dabam da ta sauran. Sai ya zaɓi ɗayan biyu: ko ya yar da lanƙwasar gaba ɗaya, ko ya buga rubutun a wata manhaja ya ɗauki hotonsa ya manna. Na farko ya ɓata ƙa'idar rubutu, na biyu ya jawo dusashewa. Alhali kuwa akwai salon baƙaƙe na kyauta da suke ɗauke da su duka, kamar Noto na Google, da Charis da Andika na ƙungiyar SIL. Ita wannan ƙungiya ta kuma fitar da Alkalami, wanda aka tsara bisa irin rubutun ajami na yankin Kano, da Harmattan don ajamin Afirka ta Yamma. In an sa waɗannan a kwamfuta, ana iya buga rubutun a cikin manhajar kai tsaye, ya zauna a matsayin zanen lissafi.

Maganar Ƙirƙirarriyar Basira

Na san wani ɗan'uwa zai ce, ai duk wannan tsohon zance ne, yanzu akwai manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira da suke mai da dusasshen hoto ya fito rangaɗau. Gaskiya ne akwai su, kuma aikinsu yana da ban mamaki. Amma ya kamata mu san abin da suke yi. An horar da su ne da ɗimbin hotuna, saboda haka in sun ga wuri ya dusashe sai su cike shi da abin da ya fi kama da waɗanda suka saba gani. Ashe ke nan abin da suke bayarwa zato ne da aka yi wa ado.

Ga misalai uku da suka faru. A 2013 wani masanin kwamfuta Bajamushe, David Kriesel, ya gano cewa wasu injinan sikana na kamfanin Xerox suna canza lambobi a cikin takardu, har 6 takan koma 8. Dalili shi ne tsarin matse bayanai da suke amfani da shi yakan ɗauki siffofi biyu masu kama da juna a matsayin abu ɗaya, ya maye gurbin ɗaya da ɗaya. Lambar takan fito sarai, ba alamar shakka a jikinta, amma ba ita ce a takardar asali ba. Daga baya kamfanin ya fitar da gyara. Wannan ya faru ne tun kafin manhajojin yanzu, amma ya nuna irin haɗarin. A 2020 kuma aka gwada wata manhaja mai suna PULSE, ta masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka, aka ba ta dusasshen hoton Barack Obama, sai ta fito da fuskar wani farin mutum da babu shi a duniya. A 2024 wani alƙali a jihar Washington ta Amurka ya ƙi karɓar bidiyon da aka kyautata da irin wannan fasaha a matsayin shaida a wata shari'ar kisan kai.

To, idan haka ta faru ga lambobi da fuskoki, waɗanda injinan nan suka ga iri-irinsu ba adadi, ina ga ajaminmu da baƙaƙenmu masu lanƙwasa? Da mun ba irin wannan manhaja hotonmu na bara, lalle da ta zaɓa mana tsakanin "fara" da "ƙara", ta fito da ɗigon tsaf, mu kuma mu tsaya gaban malamai mu karanta da ƙarfin zuciya. Dusasshen hoto ko ba komai yana gaya maka cewa bai sani ba. Wanda aka ƙaga kuwa zai sa ka rantse a kan abin da marubuci bai rubuta ba. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Ban ce a ƙaurace wa waɗannan manhajoji ba. Wanda yake so ya kyautata tsohon bidiyon biki don nishaɗin iyali, babu laifi. Amma duk abin da za a kafa hujja da shi, ko rubutu ne ko hatimi ko zanen fuska ko adon gini, to a nuna shi yadda aka ɗauko shi. In kuwa an taɓa shi, a faɗa a fili, kamar yadda mai tahaƙiƙin tsohon littafi yake nuna wurin da ya cike giɓi da nasa zato.

Wasu Uzurori

Wani zai ce wannan aikin 'yan sashen kwamfuta ne ko na koyon aikin jarida. Amsata ita ce, su sun san na'ura, amma mu ne muka san abin da bai kamata ya ɓace ba. Mai tace bidiyon da bai san ajami ba zai ga ɗigo ya ɗauka datti ne, har ya goge shi da kyakkyawar niyya. Magabatanmu a wannan fage sun koyi sarrafa rikoda da keken rubutu, wasunsu har da hannu suke ƙara lanƙwasa a kan baƙaƙe bayan sun gama bugawa, ba su ce aikin wani ba ne.

Wani kuma zai ce manyan hotuna suna cin wuri a waya, suna cin kuɗin data, ɗalibi kuwa aljihunsa ba nauyi. Wannan uzuri ne na gaskiya, ni ma a cikinsa nake. Amma a gwada kuɗin ɗan katin ajiya da kuɗin motar komawa ƙauye, balle kuma a je a tarar takardar ta bar garin, ko gara ta ci ta, ko damina ta lalata ta. Sau da yawa dama ɗaya ake samu a gaban tsohuwar takarda.

Shawarwari

Ina ba 'yan'uwana ɗalibai shawara, kafin a fita ɗaukar hoto a san iyakar zuƙowar da za a yi, a kuma ɗauka da wadatar da ta zarce ta, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A nemi haske mai kyau, a kafa wayar a kan wani abu don kada ta motsa, a kuma matsa kusa da ƙafa maimakon jan hoto da yatsu. Kafin a yi sallama da mai takarda, a buɗe hoton a zuƙo shi a nan take a ga ko ɗige-ɗigen sun fito. A ajiye na asali a wuri biyu, kada a goge shi ko da an gama aiki. Duk rubutun da za a sa a bidiyo a buga shi a cikin manhajar, da salon baƙi mai ɗan kauri, fari a kan duhu ko baƙi a kan haske. Bayan an fitar da bidiyon a kalle shi a majigi da kuma a ƙaramar waya, domin a can ne masu kallo za su gan shi.

Ga malamaina kuwa, cikin ladabi nake roƙon a duba yiwuwar ware ko da lacca biyu a darasin dabarun bincike don wannan al'amari, a kuma sa ƙa'idar cewa duk ɗalibin da ya gabatar da bidiyo ya haɗo da hotunansa na asali, ya kuma bayyana duk wani gyara da ya yi musu.

Kammalawa

A taƙaice, na yi ƙoƙarin nuna cewa hoto ƙwayoyi ne masu iyaka, zuƙowa ba ta ƙara musu komai, rubutu kuwa yana iya zama da kaifinsa matuƙar ba a yi gaggawar mai da shi hoto ba. Na kuma nuna cewa harshenmu, a boko da ajami, ya rataya ma'ana a kan lanƙwasa da ɗigo, waɗanda su ne farkon abin da dusashewa take ci, kuma su ne ƙirƙirarriyar basira za ta fi saurin ƙaga mana. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma sai in abin da aka gani shi ne abin da ke nan. Marubutan da suka bar mana takardun nan sun zauna da alƙalamin kara sun ɗiga kowane ɗigo a muhallinsa, ba don komai ba sai don saƙonsu ya iso gare mu daidai. Abin da ya rage a kanmu shi ne mu miƙa shi ga na bayanmu kamar yadda muka same shi. In akwai kuskure a cikin abin da na faɗa, ina maraba da gyaran malamaina da 'yan'uwana a fitowa ta gaba.